Laifin faifai ne ko laifin labari? Tambaya kan shirye-shiryen masu sauyayyar halitta da muke kallo a gida

Manomin Taura ya rubuta:

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Tambayata ta shafi shirye-shiryen talabijin na Turawa masu dogon zango, irin waɗanda ake nuna mutanen da halittarsu ta sauya har suka sami baiwar da sauran jama'a ba su da ita: wani ya tashi sama, wani ya ji abin da ke zuciyar mutum, wata kuma a sare ta raunin ya haɗe nan take. Ƙannena da 'ya'yan yayana sun kamu da son irin waɗannan labarai, kuma da yake a ƙauyenmu sabis ɗin intanet ba shi da ƙarfin da za a kalli bidiyo kai tsaye, faifan DVD ne madogararmu, da ƙaramar talabijin mai aiki da batirin sola.

Na sayo Heroes a kasuwar mako, zangunansa huɗu duka a cikin faifai biyu, sannan na haɗa da Mutant X. Muddin mutane suna zaune suna magana da rana, hoton ba shi da laifi. Amma da zarar an fara faɗa, ko aka shiga duhu, ko wani ya saki walƙiya daga hannunsa, sai allon ya farfashe ya zama ƙananan murabba'ai, fuskoki su narke, a wasu wuraren ma murya ta riga baki motsi. Bayan wannan, Heroes ya fara da daɗi ƙwarai amma daga baya ya cukurkuɗe, Mutant X kuwa ya tsaya ana tsakiyar tashin hankali, babu ci gaba. Abin da nake son sani shi ne, wanne daga cikin waɗannan matsaloli ne na faifai, wanne ne na masu shirin, kuma a cikin wannan rukuni wane shiri ne ya cancanci mutum ya kashe kuɗinsa ya ajiye shi a gida?

Mai Gyara a Dambatta ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Sana'ata gyaran rediyo da talabijin da na'urorin DVD, saboda haka zan tsaya a ɓangaren faifai, in bar labari ga waɗanda suka fi ni saninsa. Farfashewar hoton da ka bayyana ba daga masu shirin take ba, kuma lissafi kaɗai ya isa ya nuna haka.

Faifan DVD mai shimfiɗa ɗaya yana ɗaukar giga 4.7, mai shimfiɗa biyu kuma giga 8.5. Kowane kashi na Heroes yana cin kusan minti 43, domin a Amurka ragowar awa gudan ta tallace-tallace ce. Zangon farko yana da kashi 23, wato sama da awa 16 na kallo, kuma lokacin da aka fitar da shi a faifai na asali a 2007, an rarraba shi ne a faya-fayai 7, kowanne bai wuce kashi huɗu ba, ta yadda kowane kashi ya sami wurin da ya kai kusan giga 2. Kai kuwa an ba ka kashi 77 a faifai biyu. Ko da duka biyun masu shimfiɗa biyu ne, rabon kowane kashi kusan mega 220 ne kawai, abin da ya yi kusa da ɗaya bisa goma na haƙƙinsa. Kunun mutum uku ne aka tsinka da ruwa domin ya zagaya mutum talatin. Sunansa kunu har yanzu, amma duk wanda ya kurɓa ya san an cuce shi.

Dalilin da ya sa ɓarnar ta fi fitowa a wurin faɗa yana cikin yadda ake matse bidiyo. A tsarin talabijin ɗinmu na PAL hotuna 25 ne ke wucewa a kowace daƙiƙa, amma faifai ba ya ajiye kowannensu cikakke. Yana ajiye cikakken hoto ne jefi-jefi, tsakaninsu kuma sai ya rubuta abin da ya sauya kawai, bayan ya yanyanka allon zuwa ƙananan murabba'ai. Idan mutum biyu suna zaune a ofis, bango bai motsa ba, tebur bai motsa ba, leɓe da ido ne kaɗai ke sauyawa, don haka ɗan wurin da aka bari ya wadatar. Idan kuwa wuta ta tashi, hayaƙi ya turnuƙe, gilashi ya tarwatse, kamara kuma tana girgiza, to kowane lungu na allon yana sauyawa a lokaci guda, wurin ya gaza, sai na'urar ta shafe kowane murabba'i da launi ɗaya. Duhu ma haka yake, domin mai matsewa yakan fara zubar da ƙananan bambance-bambancen da ke tsakanin baƙi da baƙi. Abin takaicin shi ne, irin waɗannan shirye-shirye jarinsu ke nan: dare, walƙiya, gudu da fashewa. Shirin hira ko na kotu zai jure wannan matsi, na masu baiwa ba zai jure ba. Saɓanin murya da baki kuwa yakan samo asali ne daga sakaci wajen juya bidiyon daga wani tsari zuwa wani, musamman idan an ɗauko na Amurka mai tsarin NTSC ana son a mayar da shi namu.

Akwai kuma matsalar da ta fi kusa da gida. Ƙurar hunturu tana kwanciya a kan idon na'ura, kuma batirin sola idan ya yi ƙasa da dare na'urar takan riƙa sarƙewa ko da faifan lafiyarsa lau. Alamar wannan daban take: hoton yakan tsaya cak ko ya yi tsalle, ba tare da la'akari da ko faɗa ake yi ko hira ba. Idan a wurin faɗa kaɗai yake lalacewa, kuma a daidai wuri ɗaya duk lokacin da aka maimaita, kada ka wahalar da na'urarka wajen mai gyara, ciwon yana cikin faifan tun daga inda aka buga shi.

Malamin Kimiyya a Kazaure ya amsa:

Bayanin Injiniya ya gamsar a kan hoto, amma ina so Malam ya sani cewa ko da an kawo masa faifai na asali daga inda aka buga shi, rabin kukansa zai nan daram, domin cukurkuɗewar Heroes da yankewar Mutant X a jikin shirye-shiryen suke.

Mutant X ya fara ne a 2001 ya tsaya a 2004, zango uku, kashi 66, kuma a Toronto ta ƙasar Kanada aka ɗauke shi. Duk da cewa sunan kamfanin mujallun zane na Marvel yana jikinsa, ba shi da alaƙa da labarin X-Men, shahararrun jaruman kamfanin masu sauyayyar halitta. Hasali ma kamfanin Fox, wanda a lokacin yake riƙe da haƙƙin yin fina-finan X-Men, ya kai masu shirin kotu a 2001 saboda kamannin da ya gani. An rubuta ƙarshen zango na uku da niyyar ci gaba, sai kamfanin Fireworks da ke shirya shi ya wargaje, labarin ya tsaya a inda ka gan shi. Saboda haka babu wani faifai na gaba da za ka nema, kuma duk wanda ya ce zai samo maka zango na huɗu, ka riƙe kuɗinka. A nawa ganin ma shirin matsakaici ne tun asali: kusan kowane kashi sabon mai baiwa ne ya shiga hatsari, a je a cece shi, a yi dambe, a koma maɓoya. Yana ɗebe kewa, amma ba abin da za a sake kallo ba ne.

Heroes lamarinsa ya fi ban tausayi, domin zangonsa na farko, wanda tashar NBC ta fara nunawa a 2006, yana cikin mafi kyawun abin da aka yi a wannan fanni. Ƙarfinsa shi ne an ɗauko mutane na yau da kullum da ba su san juna ba, ma'aikacin ofis a Japan, 'yar makaranta a Texas, ɗan sanda mai jin tunanin mutane, ma'aikacin jinya a New York, aka ɗaure su da igiya ɗaya, wato fashewar da za ta hallaka birnin New York idan ba a hana ta ba. Mai kallo ya san inda aka dosa tun da wuri, kuma kowane kashi yana matsar da shi kusa. Zango na biyu ya rasa wannan igiya. An jefa Hiro, ma'aikacin ofis ɗin nan na Japan, cikin Japan ta shekarar 1671 aka bar shi can tsawon lokaci, aka shigo da sababbin mutane da ba su haɗu da sauran ba, har mahaliccin shirin, Tim Kring, ya fito ya amsa cewa tafiyar ta yi nawa. Ana cikin haka marubutan fina-finai na Amurka suka shiga yajin aiki daga Nuwamban 2007 zuwa Fabrairun 2008, zangon ya tsaya a kashi 11. Daga nan shirin bai sake miƙewa ba har aka rufe shi a 2010.

Sai dai ni ban ɗora wa yajin aikin dukkan laifin ba. Cutar da ke kashe irin waɗannan labarai ita ce baiwar da ba ta da iyaka. Da zarar an sami mutum ɗaya da zai iya komawa baya ya gyara abin da ya wuce, da wani da ke kwashe baiwar kowa ya tara a jikinsa, da jinin da ke tayar da wanda ya mutu, to babu sauran abin tsoro, kuma dole marubuta su riƙa ƙirƙiro dalilan da za su sa jarumi ya manta ko ya rasa ƙarfinsa domin labari ya sami abin ci gaba. Mai kallo ko bai iya faɗin abin da ke damunsa ba, yana jin cewa ana wasa da hankalinsa.

Da wannan ma'auni nake fifita Alphas, wanda tashar Syfy ta nuna a 2011 da 2012, kashi 24 kacal. A can kowace baiwa tana da farashinta: mai ƙarfin jiki ƙarfin na ɗan lokaci ne kuma yana gajiyar da zuciyarsa, mai iya kaifafa ji ko gani sai sauran gaɓoɓin jinta sun dushe kafin ɗayan ya yi kaifi, shugabansu kuma likita ne da ba shi da wata baiwa ko kaɗan. Shi ma an yanke shi ba a kammala ba, wannan kam sai haƙuri. The Gifted, na 2017 zuwa 2019 mai kashi 29, yana da tushe mai kyau, domin labarin uba ne mai gabatar da ƙara a kan masu sauyayyar halitta wanda ya wayi gari ya tarar 'ya'yansa biyu suna cikinsu, dole iyalin suka shiga gudun hijira. Legion kuwa gwaninta ce ta hoto da launi, amma na manya ne, yana da wuyar bi, kuma a matsattsen faifai babu abin da zai rage a cikinsa.

A matsayina na mai koyar da ilimin halittu, nakan ja hankalin ɗalibaina cewa sauyin ƙwayoyin gado gaskiya ne amma ba haka yake aiki ba. Misalin da muka fi sani a nan shi ne sikila, wadda ta samo asali daga sauyin harafi ɗaya tak a cikin umarnin da jiki ke bi wajen ƙera sinadarin da ke ɗaukar iska a jini. Kimiyyar waɗannan shirye-shirye ado ce kawai. Abin da suke magana a kai a zahiri shi ne yadda jama'a ke yi da wanda ya bambanta da su, kuma tun 1963 da Stan Lee da Jack Kirby suka ƙirƙiro X-Men a mujallar zane wannan ne gishirin labarin.

Uwar Yara a Birnin Kudu ta amsa:

Malam mai tambaya ya ambaci 'ya'yan yayansa, kuma ban ga wanda ya tsaya a kan wannan ba. Ina ba shi shawara ya kalli Heroes shi kaɗai kafin ya zauna da ƙananan yara a gabansa, domin mugun labarin, Sylar, yana buɗe ƙoƙon kan mutane ne ya ɗauki baiwarsu, ana kuma nuna gawarwakin, ban da wasu wuraren da ba su dace da tarbiyyarmu ba. Faifan da ake sayarwa a kasuwa ba ya zuwa da gargaɗin shekaru da za a dogara da shi, don haka tacewar tana wuyan babba.

Abin da na ajiye wa nawa yaran shi ne katun ɗin X-Men na 1992 zuwa 1997, mai kashi 76, kowanne kimanin minti 22. Kada a raina shi don zane ne. Yana ɗaukar labari ɗaya ya bi shi kashi huɗu ko biyar, yana maganar ƙyama da wariya a fili, kuma saɓanin da ke tsakanin Farfesa Xavier mai neman zaman lafiya da mutane da Magneto wanda ya yanke ƙauna daga gare su ya fi abin da na gani a yawancin shirye-shiryen da mutane suka fito a ciki. Ga kuma wata fa'ida da ta dace da bayanin Injiniya: da yake launukan zane shimfiɗaɗɗu ne, ba su da ƙananan bambance-bambance masu yawa, hotonsa yana jure matsi fiye da na kamara.

Abu biyu ne za a lura da su. Na farko, jerin kashi-kashin yakan zo a hargitse, kuma wannan ba koyaushe ne laifin mai kwafi ba, domin tun a tashar Fox an nuna wasu ba a kan tsarin da aka rubuta su ba saboda jinkirin masu zane. Akwai kashin da ake makokin Jean Grey, ɗaya daga cikin jaruman, wanda ya kamata ya biyo bayan labarin Phoenix a zango na uku, amma bai fito ba sai 1996, bayan yara sun daɗe da ganin ta dawo da ranta. Babbar 'yata ce ta fara lura da wannan, ta tsayar da kallon tana tambayar yadda ake kukan wadda aka gani jiya tana magana. Na biyu, kashi-kashin ƙarshe na zango na biyar wani kamfanin zane ne daban ya yi su da kuɗi kaɗan, fuskokin sun sauya, motsin ya yi tauri. Duk faifan da ka saya haka za ka gan su. Idan yaran ƙanana ne sosai, X-Men: Evolution na 2000 zuwa 2003, mai kashi 52, ya fi sauƙi, domin an mayar da jaruman 'yan makarantar sakandare, kuma shi an kai labarinsa ƙarshe.

Mai Tura Fina-finai a Gujungu ya amsa:

Ina neman afuwar Baba Injiniya, amma a ganina an wuce zamanin da za a tsaya neman faifai mai kyau, domin na asalin ba ya zuwa kasuwanninmu, wanda ke zuwa kuma kwafin satar fasaha ne da aka yi domin araha, araha kuwa ba ta ado. Tsarin matse bidiyo na DVD, wato MPEG-2, na tsakiyar shekarun 1990 ne. Tsarin H.264 da wayoyi ke amfani da shi yana fitar da hoto mafi tsabta a wuri ɗaya, ta yadda kashin da aka ba mega 300 a memori zai fi wanda aka ba mega 300 a faifai nesa ba kusa ba, kuma memori ba ya karcewa. Abin da zan gargaɗi Yaya a kai shi ne ya duba abin da na'urarsa ke karantawa kafin a tura masa, saboda ramin USB na tsofaffin na'urorin DVD yawanci fayil ɗin bidiyo nau'in AVI yake ganewa, ba ya buɗe nau'in MKV, sabuwar talabijin kuwa takan buɗe duka. Haka kuma ya nemi a nuna masa ko muryar asali ce ko an ɗora fassarar Hausa, domin wasu masu fassarar suna da ƙoƙari, wasu kuma barkwancinsu suke zubawa a kan labarin har a rasa abin da ake ciki.

Manomin Taura ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Talabijin ɗina ba ta da ramin USB, na na'urar DVD kuma ya daina aiki, saboda haka faifai zan ci gaba da saya kafin Allah ya hore wata. Zan nemi zangon farko na Heroes shi kaɗai domin manya, da katun ɗin da Hajiya ta ambata domin yara. Injiniya, ta yaya zan gane faifai mai dama-dama tun a gaban mai sayarwa?

Mai Gyara a Dambatta ya amsa:

Maganar yaron nan ta Gujungu gaskiya ce, ban musa ba, amma tunda faifai ne a gabanka, ka fara da ƙirga abin da aka rubuta a bayan kwali. Duk faifan da ya ɗauki fiye da kashi shida ko bakwai na shiri mai minti 43 an matse shi, kuma gwargwadon yawan kashin gwargwadon lalacewarsa. Gara zango ɗaya a faifai uku da zango uku a faifai ɗaya. Katun mai minti 22 zai iya kai kashi goma sha biyar bai yi muni ba. Sannan ka juya cikin faifan ka duba a haske: wanda aka buga a masana'anta fari ne kamar azurfa, wanda aka ƙona da kwamfuta kuwa yakan yi launin shuɗi mai ja-ja, kuma shi wannan rini ne a jikinsa da rana ke kashewa, don haka kada ka karɓi wanda ya yini a shanye a kan tabarma.

Idan mai sayarwa yana da na'urar gwaji, kada ka yarda ya nuna maka farkon kashi na ɗaya, inda komai yake a natse. Ka sa ya tsallaka zuwa kashi na ƙarshe, domin a faifai mai shimfiɗa ɗaya yana can bakin faifan inda karce da lanƙwasa suka fi kamawa, kuma a nan ne ake babban faɗan dare. A gida kuma idan za ka goge shi, ka sa tsumma mai laushi ka ja daga rami na tsakiya zuwa baki a miƙe, ba zagaye ba, saboda karcen da ya bi zagaye yana bin layin rubutun ne ya cinye shi da tsawo. Idan ka ci karo da na asali a hannun wani da ya dawo daga tafiya, ka duba lambar yankin da ke bayansa: 1 na Amurka ne, 2 na Turai, Nijeriya tana yanki na 5, ko da yake yawancin ƙananan na'urorin da ake sayarwa a nan suna buɗe kowanne.